Malam Ilu Duba-gari da Ruwan Ranar 'Yanci

Da an idar da sallar asuba Malam Ilu yake sa farar rigarsa ta aiki, ya hau kekensa ya nufi mahauta. Naman da bai juya ya shinshina ba, ba ya shiga kasuwa. Daga nan sai rijiyoyi, sai rumfunan masu abinci. In kika ce masa yau kika wanke randa, zai gaishe ki har da tambayar mai gida da yara, sannan ya ɗaga murfin ya leƙa. Haka ya yi aikin duba-gari shekara da shekaru a ƙasar Karaye da Rogo, bai yarda da kowa ba, mutane ma ba su yarda da shi ba. Mahauta suna cewa cinyar akuya yake nema. Mata kuwa da sun hango keken sai su ce ga ɗan rahoton gwamnati nan.

Malama Zaituna, wadda ta koyar a firamare a Karaye, ita ta ba ni labarin bikin 'yancin kai na 1991, shekarar da amai da gudawa ya addabi mutane. An jera 'yan makaranta a fili tun hantsi, kowa da 'yar tutarsa kore da fari, manyan baƙi suna zaune a rumfa. Wani ɗan kwangila ya kawo ruwa a durom-durom domin yara su sha bayan fareti. Malam Ilu ya zagaya ya same shi.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Daga ina aka ɗebo?"

"Daga famfo."

"Ai famfo ya kwana biyu bai kawo ba."

Alhaji ya ce to, na rijiyar gidansa ne. Malam Ilu ya sa kafaɗa ya tuntsurar da durom-durom ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya malala har ƙarƙashin kujerun baƙi, masu ganga suka tsaya.

Shugaban kwamitin biki ya taso yana tattare babbar riga. "Ilu, wa ya aiko ka? Ranar da ƙasa take murna ka zaɓa ka kunyata mu?"

"Ranka ya daɗe, ban san asalin ruwan nan ba, kuma 'ya'yan mutane ne."

Yara suka yi fareti da ƙishirwa. Wata yarinya 'yar ajin Malama Zaituna ta faɗi a rana, kuma malamar ta ce ita kanta ta daɗe tana jin haushin Malam Ilu. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa 'yan adawa ne suka saye shi, wasu suka ce ba shi da kishin ƙasa. Ba a jima ba aka mayar da shi ƙauyen Jajaye.

Babu wanda ya gwada ruwan nan, don haka har yau ba a san gaskiyarsa ba. Na tambayi Malam Ilu, ya ce, "Wataƙila mai kyau ne. Amma da yau ne ma zubarwa zan yi."

A Jajaye bai sauya hali ba. Ya rufe rijiyar wata Gwaggo Kande, ta yi damina guda ba ta amsa gaisuwarsa. Yanzu jikokinta suna sha daga sabuwar da ya tsaya aka haƙa nesa da masai.

Bana ritayarsa ta zo daidai da bikin ɗaya ga Oktoba. Za mu ji jawabai a rediyo kan son ƙasa, ni kuwa na koyi tambayar daga ina aka ɗebo su. Malam Ilu, kai ne ka yarda a zarge ka, a zage ka, a kai ka ƙauye, a kan yaran da ba kai ka haifa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma matasan da za ku gaje shi, in abu bai kwanta muku ba ku tambaya, ko da a gaban manyan baƙi ne.