Silimar da Jarumi Ba Ya Mutuwa

Lokacin da aka turo mu Abuja, farkon mulkin farar hula, birnin duk zane ne a takarda. Abin da ya tabbata a ƙasa shi ne Nyanya da gidan silimarta: bango huɗu, ba rufi. Mu ma'aikatan gwamnati mukan zauna a kujerun baya. Leburori kuwa bencin gaba ne nasu, kuma daga can hukunci ke fitowa.

Wani dattijo ne ke juya majigin, kowa na kiransa Oga Afareta. Fim ɗaya muke rabawa da wata silima a Karu: in sun gama faifai, mai babur ya kawo mana shi.

Wata Asabar mai babur ya rikita faya-fayan. Fim ɗin Indiya ne. Ana tsakiyar kallo sai ga jarumi kwance cikin jini, uwarsa na kuka, har aka ƙona gawarsa. Da aka ɗora faifai na gaba, sai ga shi garau, yana tiƙar rawa a kan dutse, har da aure. Benci ya ɓarke da tafi. Wani ƙaton birkila ya miƙe yana cewa, "Na gaya muku! Wuta ba ta cin irinsa!"

Kashegari gida ya cika maƙil, faya-fayan kuma suka zo daidai. Jarumi ya yi rawa, ya yi aure, ya mutu, aka kunna fitila. Ba wanda ya motsa.

"Oga Afareta, ina sauran?" in ji birkilan.

"Ya ƙare, jama'a."

"Ƙarya ne! Jiya ai ya tashi! Kai ka kashe shi!"

Na so in miƙe in yi bayanin yadda ake tsara labari, amma na dubi kafaɗun birkilan, na ga ilimi zai iya jira. Ɓawon rake ya fara sauka a tagar majigi. Mai silima ya haura da gudu, muna jinsa: "Baba, in benci ɗaya ya karye, ka nemi wani aikin!"

Dattijon yana da iyali. Ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu.

"Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, suma ya yi!"

Ya mayar da faifan rawar. Aka watse ana sa masa albarka.

Ya riƙe aikinsa har ranar da aka mai da gidan siton siminti. A duk shekarun nan, jarumai da yawa sun mutu a hannunsa, amma ba wanda ya kwana a mace.