Muryar da Yaya Ya Yanke

Abin da ya kai ni ofishin Oga ba wani babban abu ba ne. 'Yar yayana ce, wadda ta shiga firamare bana, ta tambaye ni yadda muryar babanta take. Tana goye ya rasu, fuskarsa kawai ta sani a hoto. Na ce mata zan nemo mata, kuma da ƙarfin gwiwa na faɗa, don gani nake mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan bidiyo ba zai yi wuyar samu ba.

Yaya, Allah ya jiƙansa, edita ne. Abokansa Almakashi suke ce masa. A rumfar gyaran waya ya fara, da kansa ya koyi yanka bidiyo da haɗa shi, a nan kuma ya gamu da Oga. Lokacin Oga bai zama Oga ba, wani mai surutu ne da ke zuwa cajin waya yana hana mutane sakat. Yaya ya ɗauke shi da waya, ya yanke shirmen, ya bar abin dariyar, ya ɗora a intanet. Mutane suka so. Daga nan aka sayi kyamara, aka kama ofis, aka sayi mota. Motar ta Oga ce, Yaya kuwa aka ba shi ɗan ɗakin baya wanda ba taga.

Na san ɗakin, don nakan kai masa abincin rana in na rufe shagon ɗinkina. Tebur ne da kujera mai karyayyen hannu, da kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa. In ya gama haɗa bidiyo, sai a zo wurin fitarwa, wato kwamfuta ta dunƙule aikin ya zama abu guda da za a iya ɗorawa. Wani layi ne ke rarrafe a kan allo, shi kuma ya naɗe hannu yana kallo. In wuta ta ɗauke ana dab da gamawa, a koma farko. Kowane bidiyo sai ya fitar da shi kwance saboda wani dandalin, ya sake fitar da shi tsaye saboda masu kallo a waya, sannan ya rage masa nauyi don kada ya cinye wa mutane data. Abincin yakan huce a gefensa, in na yi magana ya ce saura kaɗan.

Yana da wata ɗabi'a da nake yi wa dariya a lokacin. Kafin ya ɗora komai, sai ya toshe kunnuwansa da abin ji, ya bi bidiyon daga farko har ƙarshe yana farautar kansa. Shi ke riƙe kyamara, don haka muryarsa ta cika ɗanyen ɗauka: shi ke cewa a fara, shi ke cewa a sake, kuma sau da yawa shi ke faɗa wa Oga abin da zai ce, Oga ya maimaita. Duk wannan sai ya tsince shi tas. Akwai ranar da ya ji tarinsa a bayan wata magana, ya soke aikin da ya kusa fita, ya koma ya cire. Na ce wa zai kula da tari? Ya ce edita na ƙwarai shi ne wanda ba a san ya wuce ta wurin ba. Ɗanyen kuwa yakan kwashe shi ya adana a wata ma'ajiya baƙa da ke jone da kwamfutar.

A gida na fara nema. Matarsa ta ce ba ya tura saƙon murya, kira yake ko ya rubuta. Wayarsa ta ofis ce, an zo an karɓa bayan rasuwar. Bidiyoyin iyali da muka tattara duk shi ya ɗauka, kuma duk ya gyara su kafin ya tura mana, ya cire kansa kamar yadda ya saba. Saura baƙar ma'ajiyar.

Oga ya yi ƙiba. Ya tarbe ni da ƙanwata ƙanwata, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce ba ya kwana bai tuna da Almakashi ba. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya sa aka kira sabon editan, wani magidanci mai sanyin magana. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Ya ce sabuwar kyamarar tana cin wuri, akwai ranar da bidiyo ya ƙi fita saboda komai ya cika, ya sanar da Oga, Oga ya ce a share tsofaffin.

"Ai duk abin da ke da amfani an riga an ɗora shi," in ji Oga. "Wancan shara ce kawai, ƙanwata."

Na ce sharar nake so.

Bai ji kunya ba, ko kaɗan. Sai ma fuskarsa ta washe, ya ce ai ya yi wa marigayin bidiyo na musamman, ya buɗe mini a wayarsa. Ga Oga zaune cikin baƙar riga yana share hawaye, ana kiɗa mai taushi, yana ba da labarin yadda ya tsamo wani bawan Allah daga rumfar gyaran waya ya mai da shi mutum. Hoton Yaya ya gifta sau ɗaya. Oga ya nuna mini yawan waɗanda suka kalla, yana jiran in yi godiya. Na tsani mutumin nan a wannan lokacin, kuma har yau ban huce ba. Amma a hanyar komawa gida har da Yaya na ji haushi, shi da ya zauna yana goge kansa da hannunsa don wani ya yi kyau.

Da na koma, yarinyar na zaune a tsakar ɗaki da wayar uwarta. An gaya mata bidiyoyin Oga aikin babanta ne, shi ya sa take kallonsu ba dare ba rana. Ta haddace su. Tana iya kwaikwayon yadda Oga ke jan magana da yadda yake ƙyalƙyala dariya, maƙwabta har kiranta suke ta yi musu. Wasu maganganun na san daga bakin wa suka fara fitowa, don ina tsaye da kwanon abinci aka faɗe su.

Ta ɗago ta ce, "Gwaggo, kin samo?"

Na ce ban samo ba tukuna.

Ta nuna Oga a wayar. "Haka Baba yake magana?"

Na ce a'a, ko kusa.

"To, yi mini irin tasa."

Na zauna kusa da ita, na gyara murya. Na san muryar Yaya tana da kauri, na san yakan yi magana a hankali, na san abin da yakan ce in na shigo da abinci. Na buɗe baki in kwaikwaya, sai na ji ba ta zo mini ba. Na sake lalubawa, muryar Oga ce ke ta fitowa daga wayar tana cika ɗakin. Yarinyar ta jira ni kaɗan, sai ta mai da idonta kan wayar.