Rakiyar Wanzami Tanko

Ranar sunan ɗana na fari ce, da kaka, shekara biyu kafin Nasara su bar ƙasa. Gidanmu na cikin gona, gabas da Gaffati, babu maƙwabci kusa. Tun asuba na ji ana daka. Hantsi na yi aka yanka rago, liman ya raɗa suna.

Wanzaminmu ya tsufa, hannunsa na rawa. Shi ya sa maigidana ya ɗauko wani a kasuwa, Tanko, dogo, mai sanyin murya. Ya aske jaririn, ya yi masa tsaga a kunci. Yaron ko kukan kirki bai yi ba. Mata suka yi ta yaba hannunsa. Har da ni, kaicona, na ce Allah ya yi masa albarka.

Bayan azahar baƙi suka watse. Tanko ya tsaya yi wa surukata, Inna, ƙaho a baya. Ya ci tuwonmu, ya sha furarmu. Da la'asar ya rataya zabirarsa. A wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai an raka shi ya wuce gonaki. Maigidana ya sa hularsa sabuwa, ya ɗaukar masa cinyar rago. Ya leƙo ɗaki ya dubi yaron, ya yi murmushi. Ban ɗago kai ba, kunyar ɗan fari.

Rana ta yi ja, bai dawo ba. Awaki suka shigo da kansu. Sai na ji taku a bayan danga, na mutum ɗaya. Na san takun mijina, ba shi ba ne.

Tanko ya shigo ba sallama. Hular maigidana na leƙowa daga bakin zabirarsa. Hannun rigarsa a jiƙe yake, ja. Ni da Inna kaɗai muka ga fitarsu tare, abin da ya dawo da shi ke nan.

Inna ta riga ni ganewa. Tsohuwar da ba ta miƙewa sai da dafa bango, ta ɗauki taɓarya ta tare ƙofar ɗakina.

"Ɗauki yaron! Fasa danga!"

Na fasa danga ta baya. Na faɗa cikin gero, kwanana bakwai da haihuwa. Na ji taɓarya ta bugi ƙasa. Na ji Inna ta yi salati, ba ta kai ƙarshe ba. Na cusa wa yaron nono don kada ya yi kuka. Ganyen gero na yankar fuskata, jini na bin ƙafafuna. A bayana kara na karyewa. Can ya daina.

Ana kiran magariba na faɗo kan hanyar Damagaram. Wasu masu jakuna da ke kai gyaɗa suka ɗora ni. Da safe suka kai ni wurin jandarma, 'yan sandan Nasara.

An kama Tanko a kasuwa, yana yi wa wani aski. A ɗakinsa aka sami huluna cike da tukunya. Ashe ya daɗe yana yi, daga wajen Droum har Dakusa. Duk gidan da ya yi aiki, maigida ya raka shi, shi ke nan. Mutane su ce kura ce, ko mutum ya tsere kudu cin rani. Wa zai zargi wanda ya aske masa ɗa? Mata suka zo daga ƙauyuka, kowace na laluben hular mijinta. Na ɗauki tawa. Ko maiƙon kai ba ta yi ba.

An sami maigidana a tsohuwar rijiya, nesa kaɗan da ƙarshen gonarmu. Ya raka baƙonsa har inda ake rakawa. Aka binne shi gefen Inna.

Yaron yanzu ya yi furfura. Har ya yi aure ni nake yi masa aski, ban yarda aska ta kusanci wuyansa a hannun kowa ba. Amma tsagar tana nan. Duk wanda ya gan ta sai ya ce wanzamin nan gwani ne. Gwani ne, wallahi. Mu huɗu muka wayi gari a gidan nan ranar suna, mu biyu muka fita. In zan yi wa ɗana magana, goshinsa nake kallo.