Maganin Haushi Daga Hannun Uwar Ɗaki

Na tarar da wata mata tsaye a shagon wani tsoho mai saiwoyin magani a unguwar Abbasiya, cikin lafaya irin ta matan Sudan. Sabulu ya cinye mata hannuwa, idanunta jawur kamar ba ta runtsa ba. Ta kwance bakin lafayar, ta miƙa wa tsohon wata 'yar leda mai baƙin ruwa da rubutun Koriya, ta yi masa magana da Larabci.

"Shinshina min, ya Hajj. Uwar ɗakina 'yar Koriya a unguwar Mohandessin ta ba ni. Wai a ƙasarsu haushin da aka haɗiye ciwo ne, yana tokare ƙirji, yana hana barci."

Tsohon ya huda, ya shinshina, ya ce magarya ce da citta, tamam, ba wata illa. Ba ta gamsu ba. Ta juyo gare ni da Hausa.

"'Yar'uwa, a wajenmu mai ba da magani shi ke fara kurɓa. Ita ba ta kurɓa ba."

Na ce ƙila tausayi ne.

Ta yi tsaki, ta ƙulle ledar.

"Tausayi? Ta gane ina haɗiye haushi, amma ba ta tambaye ni ko na wane ne ba."