Hujin Marfin Tanki

Akwai ranar da ko tsufa ya share min komai a kai, ba na jin zai iya share ta: ranar da na goya surukina a kan mashin roba-roba, ta mutu mana a tsakiyar hanyar Bungudu, alhali jana'iza muke sauri mu tarar.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bungudu, iyalina kuma suna Gusau. Safe da yamma ina cikin mota, kuɗin mota ya bi ya cinye albashin tun wata bai raba ba. Maiɗakina ta kai kukan wurin mahaifiyarta a Tsafe, ita kuma ta kai wa tsohon, wato surukina. Haka saƙo yake tafiya a gidansu, domin maiɗakina 'yar fari ce. Ko sunanta ba ya faɗa, balle su zauna hira; in zai ambace ta sai ya ce "mutanen gidan Malam". Ni kuwa ga surukuta. In na je gaishe shi, tun daga ƙofar zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in kafa wa tabarma ido. Shekara shida da aure, ƙafafunsa na fi sani a kan fuskarsa.

Tsohon malamin gona ne, ya yi ritaya. Yana da wata jar roba-roba da rana ta koɗar, wadda ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka da ita har 'Yankuzo, kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. Wata Asabar sai ga ta an sauke min a ƙofar gida daga bayan a-kori-kura. Saƙon da ya biyo ta shi ne in ba da abin da ya sawwaƙa, don kada in ji nauyin kyauta. Tsohuwa ce, amma tsohuwar da ta ga gata. Bugu ɗaya take tashi, ƙararta a kwance, tayoyinta da sauran ƙarfi, baƙin manta kuwa kamar ranar aka juye.

Ni mutum ne mai tsimi, wannan ko abokan aikina sun shaida, har tsokanata suke yi wai alli ma sai na tsotse shi kafin in yar. Ranar da na zauna wanke ta, na ɗaga kujera, sai warin fetur ya bugi hancina. Na duba marfin tanki, na ga wani ɗan huji a tsakiyarsa, bai fi kan allura ba. Nan take na ce a raina, ashe ta nan man tsoho yake gudu! Na sayo gam mai ƙarfi na liƙe hujin tsaf, na shanya marfin a rana, na mayar. Ranar har da yi wa maiɗakina burga, wai a kwana ɗaya na gano abin da babanta bai gano ba a shekaru.

Tun daga Litinin ɗin da ta biyo baya na shiga uku. In na ɗura mai na kama hanya, tafiya lafiya lau har in fita gari, in wuce gonaki. Da na kai kusan rabin hanya sai ta fara shessheƙa, ta yi tari biyu, ta mutu. In buga, in buga, har ƙafata ta yi tsami, shiru. In tura ta, in gaji, in zauna a gindin bishiya. Bayan kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Bai taɓa zuwa min in buɗe tanki a hanya ba. Ai da hannuna na zuba mai da safe, me zan duba?

Bakanike na farko ya ce fulogi ne, aka sauya. Na biyu ya wanke kafireta. Na uku ya rantse koyil ne. Kowanne in ya gama sai ya hau ya zaga bayan gareji ya dawo, ya miƙo min makulli yana cewa, "Malam, wanga mashin ko Sakkwato za ka, tana kai ka." Washegari in tsinci kaina a gindin bishiyar nan tawa. Direbobin hanyar suka san ni, in sun zo wucewa sai su danna min ham. Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis sau biyu a kan latti.

Duk wata sai saƙo ya zo ta hanyar da ya saba bi, daga tsohon zuwa surukata Inna, daga Inna zuwa maiɗakina: a tambayi Malam, mashin lafiya? Ni kuma in ce a ce lafiya lau, na gode ƙwarai. To me zan ce? In aika wa surukina cewa abin da ya ba ni ruɓaɓɓe ne? Bakina ba zai iya ba. Amma abin da baki ya kasa faɗa, zuciya ta ɗauka tana juyawa. A hankali na fara raya cewa tsohon ya san abin da ya rabu da shi, ya ga ta gama aiki ne ya turo min. Na daina zuwa Tsafe gaisuwa, kullum da uzurin da zan kawo. Wata rana na dawo jiƙe da gumi, na jingine ta da ƙarfi, na ce wa maiɗakina, "Babanki ya san abin da ya sayar min." Ta ajiye min ruwa ta koma ɗaki, na jiyo tana jan hanci. Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kunyar kaina.

Wata biyar muna haka. Ran nan da hantsi, ranar da babu makaranta, gero ya fara kai, sai na ji sallama a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga tsohon tsaye da sandarsa, idanunsa sun yi ja. Yayarsa ce ta rasu, wadda ta goye shi tun yana jariri bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana aure a wani ƙauye gaba da Bungudu, kuma an sa jana'iza da an sallame Azahar. Ya samu mota daga Tsafe zuwa Gusau, amma ƙauyen ba a bakin titi yake ba, mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Bai roƙe ni komai ba, gaisuwa kawai muka yi, ya faɗi rasuwar.

Na shiga ciki, maiɗakina ta tare ni a tsakar gida. "Ai sai ka kai shi," ta ce.

"Da wace? Kin san halinta."

"Na sani. Amma in bai iske gawar ga ba, har ya mutu ba shi mancewa."

Na fito da roba-robar. Tsohon ya dube ta kamar mai duban ɗan da ya daɗe bai gani ba, ya shafa kujerar, sannan ya ɗaga ƙafarsa mai ciwo da ƙyar ya hau. Ya matsa can ƙarshe ya riƙe ƙarfen baya, don kada jikinsa ya taɓa nawa. Da an ga tazarar da ke tsakaninmu, sai a ce wani muka bar wa wuri. Muka tsaya na cika tanki, muka ɗauki hanya. Ni dai addu'a nake yi a zuci, Allah ya rufa min asiri yau kaɗai.

Daidai inda ta saba, ta fara shessheƙa. Na murɗa, na lallaɓa, ta yi tarinta biyu ta mutu. Na gangara gefen titi. Na buga sau goma, na buga sau ashirin, gumi yana ɗiga daga gemuna. Na san sai ta yi rabin awarta, na kuma san in muka yi rabin awa a nan, sai dai mu tarar ana dawowa daga maƙabarta. Tsohon ya sauka, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwarsa da ta taru a ƙarƙashin ƙafafunsa.

"Malam," ya ce, "haka takan yi maka?"

Na sunkuyar da kai. "Kullum, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun satin da ta zo."

Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ya ɗaga kujera, ya murɗa marfin tanki. Sai muka ji "fuuu", tankin ya zuƙi iska da ƙarfi kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci. Ya juya marfin a tafinsa, ya kai shi kusa da ido, ya sa farce ya taɓa busasshen gam ɗin nan.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Baba. Na ga huji, na ɗauka ta nan mai ka gudu."

Ya dube ni. Wannan ne karo na farko da muka haɗa ido tun da na auri 'yarsa. Sai ya fashe da dariya, irin dariyar da mutum bai shirya mata ba, har yana dafa gwiwa. Mutumin da yayarsa take kwance ana jiran a sallace ta! Dariyar ba ta ƙare ba hawaye suka biyo ta, ya sa bakin rawani yana gogewa.

"Ni na huda shi da kaina," ya ce. "Mashigar iskar marhin ga ta toshe tun da daɗewa, nas sa allura wuta na huda. In iska ba ta shiga tanki ba, mai ba shi sauka. Ita ma numfashi takai, Malam, kama da ni da kai."

Ya ɗingisa zuwa wata aduwa a bakin gona ya karyo ƙaya. Ya kankare gam ɗin da bakin makulli, ya sa ƙayar ya buɗe hujin, ya hura, ya mayar da marfin. Ya ce in buga. Bugu ɗaya ta tashi, da ƙarar nan tata a kwance. Aikin da bakanike uku suka kasa, tsoho da ƙaya suka gama shi kafin in goge gumi.

Na tsaya riƙe da kan mashin, na kasa hawa. Shi ya fara magana, yana kallon gonar gero, ba ni ba. Ya ce direbobi sun daɗe suna gaya masa suna ganin surukinsa yana turin mashin a hanyar Bungudu. Ya ce abinci ya daina yi masa daɗi, yana ta tunanin ya so ya taimaki gidan ɗiyarsa, ya ɓige da ɗora musu wahala. "Na so in kira ka in tambaye ka da bakina, kunya ta hana. In na aika, a ce lahiya lau. To mi zan ce?"

Na durƙusa a kan tsakuwar gefen titi, na ce, "Baba, ka gafarce ni. Wallahi na zarge ka. Na ɗauka da saninka ka ba ni ita a lalace."

"Na sani," ya ce. "Tun da kab bar zuwa Tsahe na sani. Tashi mu tahi, ana jiran mu."

Ya hau. Wannan karon bai nemi ƙarfen baya ba, sai na ji tafin hannunsa a kafaɗata, mai nauyi, mai ɗumi. Bai ɗauke shi ba har muka wuce Bungudu, muka saki kwalta muka shiga burji. A hanya yake nuna min ramuka, yana cewa in sassauta nan, in bi ta can, yana ba ni labarin yadda yayar tasa take tauna masa gyaɗa ta sa masa a baki lokacin ba shi da haƙori. Ina tuƙi ina share ido da hannun riga.

Muna shiga ƙauyen ana fitowa da makara. Liman ya riga ya tsaya, ana daidaita sahu. Wani dattijo ya hango mu ya ɗaga hannu ya ce a dakata, ga ƙanenta nan. Tsohon ya sauka, ya manta da sandarsa a jikin mashin, ya shiga sahun gaba. Da gwiwar nan mai ciwo ya kama makarar har bakin kabari.

Daga ranar, roba-robar ba ta ƙara mutuwa da ni a hanya ba, latti ma ya ƙare. Saƙo kuma ya daina zagayawa ta wurin mata. Duk Juma'a da kansa yake kira na a waya: "Malam, ka yi juye? Ka duba sarƙa? Kada ka bari kowa shi taɓa marhin ga." Takalmina dai ban daina tuɓewa a ƙofar zaurensa ba, amma na koma zama kusa da shi, har mukan ci gyaɗa a faranti ɗaya.

Bara waccan Allah ya yi masa rasuwa. Roba-robar tana nan, ita nake hawa har gobe. An sauya mata tayoyi, an sauya sarƙa, an ɗinke kujera, amma marfin yana nan da hujinsa. Kwanaki wani bakanike ya ce ya kamata in sayi sabo, na ce ya bar min abina. Duk sanda na buɗe shi zan zuba mai, sai na sa babban yatsa na shafa hujin, in yi wa tsohon addu'a.

Abin da na koya shi ne, kunya ado ce, ban kuma ce a yar da ita ba. Amma kunyar da za ta hana ka tambayar wanda ya ba ka abu yadda ake riƙe shi, har ta kai ka ga zarginsa, wannan ba ladabi ba ne. Wata biyar na yi ina turin mashin, shi kuma yana can yana turin baƙin ciki, a kan maganar da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Yanzu in na ga abin da ban gane ba a hannun na gaba da ni, ba na saurin gyara shi. Zuwa nake yi in durƙusa in tambaya, tun mai amsar yana da rai.