Injin da Ke Cin Bargo

A shagon wanki na san Hajiya Kulu, shagon nan da ke kusa da kasuwar unguwar Gorton a nan ƙasar Turawa, inda mutum ke zuba tsaba a inji ya zauna yana kallon kayansa suna juyawa. A lokacin ɗaki ɗaya nake haya a saman wani kanti, ina aikin kula da tsofaffi, ba ni da injin wanki, ba ni da ma inda zan ajiye shi. Ranar na shiga da jakata sai na tarar da wata dattijuwa ta buɗe wani inji ta zura kai tana shinshinawa. Ta ɗago, ta ce da kanta da Hausa tsantsa, "Wannan kam mai kare ne ya gama da shi." Na yi dariya har jakar ta suɓuce. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Au, ashe da mutane a wurin. 'Yar ina ce?"

Na ce Saudatu, daga Zariya. Ta matsa mini a kan benci, tun daga ranar muka zama abokan Talata.

Mutuniyar Funtuwa ce. Da ƙuruciyarta ta biyo mijinta, Malam Maharazu, da ya zo karatun injiniya, a kan za su ɗan yi shekaru su koma gida. Ba su koma ba. A unguwar Hulme suka zauna, a gidan hayar gwamnati mai ɗaki uku, a nan ta raini 'ya'yanta biyu. Mijin ya rasu, macen aure ya kai ta Kaduna, namijin kuma, Musbahu, ya zama likita a Birmingham. Ita tana girki a wata cibiyar da tsofaffi ke wuni, har gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu aka rufe wurin. Sai ga dokar nan ta rage wa mutum tallafin haya idan yana da ɗakin da ba a kwana a ciki. Haka ta tattara ta dawo wani ɗan fulat a Gorton, inda ba ta san kowa ba. Tsohon injinta a wajen ƙaura ya mutu, ita kuma ba ta nemi wani ba.

Duk Talata za ka gan ta tana jan jakar nan mai taya, ko ana ruwa ko ba a yi. Ba ta yarda a sa mata atamfa a injin busarwa, wai yana cinye kala, sai ta kwashe su jiƙe ta je ta shanya a kan hitar ɗumama ɗaki. Ba ta gaggawa. Ko wankinta ya gama sai ta zauna ta jira nawa, ta taya ni ninki, tana faɗan yadda 'yan yanzu ba mu iya kama bakin zani ba. Wata rana tana ninke mini mayafi ta ce, kamar mai zancen farashin albasa, "Wani satin daga wannan Talata har ta gaba, in ba a sallah ba ba na jin muryata." Na ce Allah Ya kyauta.

Amma ranar Hajiya ta gaske ita ce Asabar ɗin ƙarshen wata. Ranar Musbahu ke tuƙo mota daga Birmingham ya kwashi manyan kaya, barguna da labule da dardumar sallah, ya kawo ta shagon, don su sai babban inji, ita kuma ba ta iya ɗauka. Ɗan farinta ne, saboda haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Na Birmingham" take cewa. In ya gaishe ta, gefe take kallo ta amsa a taƙaice, kai ka ce mai karɓar haraji ne ya zo. Sai dai ta taho da fulas na kunun gyaɗa da ƙosai a naɗe cikin tawul don kar ya huce. Su zauna a benci da tazara a tsakaninsu, shi yana ba ta labarin asibiti rabi Hausa rabi Turanci, ita tana cewa "uhm." Wani lokaci barci ya sace shi a zaune, ta yi ta kallonsa son ranta, tunda ba ya gani. In bargo ya bushe, ya kama baki biyu ta kama biyu, su tako su haɗu a tsakiya. Ni da na sha ganinsu na san don wannan zaman take tara bargunan da ba su yi dattin kirki ba.

Sai zuwan ya fara ja baya. Ma'aikata sun yi ƙaranci a asibitinsu, yau a ce yana kan aiki, gobe a ce ya karɓi na wani. Wata ya wuce bai zo ba, wani ya bi bayansa. Hajiya ta rame a ido. Wata Talata na same ta fuska a sake.

"Na gaya masa," in ji ta.

"Alhamdulillahi. Me kika ce, Hajiya?"

"Na ce wankin nan ya fara fin ƙarfina. Gwiwa ta ƙi, ga barguna sun taru, ga sanyi ya shigo."

"Shi ke nan?"

"To me ya rage?"

"Hajiya, yaron da ya tashi a Hulme fa! Ki ce masa kina kewarsa, ya zo ki gan shi. In ba ki faɗa straight ba, wallahi ba zai gane ba."

Ta riƙe haɓa. "Ke Saudatu, ba ki da kunya? Ɗan fari zan buɗe baki in ce wa haka? Ai ya ji Hausa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji haushinta, na ji haushinsa, na ji haushin wannan kunya tamu da aka ɗauko tun daga Funtuwa, inda akwai gwaggo da kawu da za su ja yaro gefe su fassara masa abin da uwarsa ke nufi. A Gorton wa zai fassara? Na ce ta ba ni lambarsa in yi masa magana. Ta ce in na kuskura, ba ni ba ita.

Ba a jima ba ya kira ta, ya ce ta zauna a gida ranar Asabar, kar ta je ko'ina, akwai abin mamaki. Hajiya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta sa na zo da safe na taya ta, muka tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe da kabewar da ta sha yawo kafin ta samu. Ta ɗaure barguna ta ajiye a bakin ƙofa, ta sa sabuwar atamfa, ta turara ɗakin. Tana cewa wai ita ba don kowa ta yi ba, dama tana sha'awar tuwo.

Wajen azahar aka danna ƙararrawa. Ta gyara mayafi, ta koma kujera ta kau da kai, ta ce in buɗe.

Turawa biyu ne da kayan aiki, da wani ƙaton kwali a kan amalanke. Suka tambaya ko nan ne gidan Misis Maharazu. Kafin mu ankara sun cire kabad ɗaya a kicin, sun ja bututu, sun tura inji fari ƙal cikin gurbin. Hajiya tana tsaye ta harɗe hannu. Ta ce in tambaye su ko za su ci abinci. Suka yi godiya, suka ce suna da wani gidan a gaba.

Motarsu ba ta bar layin ba wayarta ta yi ƙara. Ta sa a lasifika kamar kullum, saboda kunnenta.

"Mama, ya iso? Kin gan shi?" Muryarsa cike da murna, ana jin hayaniyar asibiti a bayansa.

"Ya iso."

"Na ji abin da kika ce, Mama, it really bothered me. A ce ina doctor, mahaifiyata tana jan trolley cikin ruwan sama? No. Kuma babba na zaɓa, har bargo yana ci, har labule. So yanzu ba sai kin jira ni ba. Duk ranar da kike so, ki danna kawai."

Na buɗe baki. Ta ɗaga mini hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji," in ji ta. Ta dubi kwanon tuwon da ke kan tebur. "An gode. Allah Ya yi albarka, Ya ba ka masu yi maka."

"Amin, Mama. Ana kirana, zan kira ki later."

Ta kife wayar a kan tebur, kusa da kwanon da ta rufe masa. Ta daɗe tana kallon ƙullin da ke bakin ƙofa, sannan ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango, ta jawo shi da kanta zuwa kicin.

"Zo, 'yar nan," ta ce. "Nuna mini inda ake dannawa."