Wankan Baba a Makewayin da Ba a Gama Ba

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da makewayin da na shafe wa mahaifina da hannuna a gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi. Shekarun nan ne na farkon siyasar jam'iyyu, lokacin da albashi ya zama sai an ga dama, malamai kullum cikin yajin aiki. Ni ma ina koyarwa a wata lakwal ta Tibiri, aka rufe ta, na dawo gida na zauna.

Baba tsohon magini ne. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki. Masan gidanmu, wato bayan gida, yana can ƙarshen tsakar gida, kai Baba da dawo da shi sai mutum biyu, a gaban surukai da jikoki. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na lura ya rage cin abinci da shan ruwa don kada ya nemi a ɗauke shi. Abin ya tsaya mini a rai. Na yanke shawarar mayar da ɗan ɗakin ajiya da ke jikin ɗakinsa makewayi, a sa masa karo, wato tayil, yadda Inna za ta iya wankewa ba wahala.

Ba halin ɗaukar ma'aikaci, sai na ce zan yi da kaina. Baba ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofar. Ya ce, "Mushe, ƙwanƙwasa bangon nan in ji." Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi tsokana rabi alfahari. Na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara kamar ƙwaryar da ba komai ciki. Ya ce, "Tsohon shafen ya saki, danshi ya cinye shi. Kankare shi duka har sai ka ga bulo."

Haka na yi ta fama da guduma har tafin hannuna ya yi bororo. Na share ƙura, na jiƙa bangon, na cike tsagu da ramuka. Ya koya mini saukar da igiya mai dalma daga sama, in ga inda bango ya yi ciki da inda ya turo. Maganarsa ba ta fita sosai, sai na sunkuya na kai kunne kusa da bakinsa. In na shafa siminti na ja katako a kai, sai ya ce a matso da shi, ya bi wurin da hannunsa na hagu ido a rufe. "Nan akwai tudu. Karo ba ya rufa wa bango asiri, tona shi yake yi." Sau da yawa na ji haushi, na kankare na sake. Yanzu da na kai shekarunsa nake gane cewa a wannan kujerar ne kaɗai ya koma mutum mai amfani a idon kansa.

Ana cikin haka aka karya darajar sefa. Karon da na yi ciniki a kasuwa da maganin hana ruwa shiga bango suka fi ƙarfina. Shafe ya kammala, bango ya miƙe sumul, aiki ya tsaya cik. Kullum da safe ina yayyafa wa simintin ruwa don ya yi ƙwari, ina jiran albashin da ba ranar zuwansa.

Wata Juma'a da hantsi Baba ya ce yana so ya yi wanka a ciki. Na ce, "Baba, a bari a sa karo mana, ƙasan ma da kaushi." Ya dube ni ya ce, "Kai kake da lokacin jira. Siminti ma ai ruwa yake so." Inna ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi, ta tafi ta ɗora ruwa.

Na zaunar da shi a kan turmi da aka kife, na rufe ƙofa. Ban taɓa ganin yadda ya rame ba sai ranar, ƙasusuwan kafaɗar da ta ɗauki bulo shekara da shekaru duk sun fito. Ina zuba masa ruwan ɗumi yana sauke ajiyar zuciya. Ya ce, "Yau ba wanda ya gan ni." Ya daɗe a zaune yana kallon bangon, sannan ya sa mini albarka a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya.

Bai ga wata Juma'ar ba. A cikin makewayin nan aka yi masa wankan gawa, ni da ƙanensa da ya zo daga Jiratawa, ruwa yana bin simintin da ba karo. Sai bayan shekaru na iya sa karon, kuma ranar da aka gama ban ji daɗin komai ba.

Abin da na koya shi ne, in iyayenka suka roƙe ka abu, ka ba su shi yadda yake a hannunka, ko bai kammala ba. Da na dage sai an sa karo, da wanka ɗaya kawai Baba zai yi a ɗakin nan, wanda ba zai san an yi masa ba.